Kafin Saƙon Jabiru Na Ƙarshe Ya Iso

Jawabin Malam Gwadabe Isma'ila, tsohon malamin firamare, a taron addu'a da tunawa da marigayi Dakta Jabiru Baballe, a filin Benen Manoma da ke Tarai.

Da sunan Allah muke farawa, Mai rayawa Mai kashewa, wanda gare Shi dukkanmu za mu koma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni na Tarai da Kahu da Unguwar Gai, Allah ya ƙara muku lafiya. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiyarmu ta manoma, Alhaji Ƙasimu, da 'yan kwamitinsa. Baƙinmu malaman jami'a da suka taso daga Kano, musamman Dakta Ramlatu, abokiyar aikin marigayi. 'Yan kasuwa da direbobin da suka baro lodi a Rano da Kibiya suka zo. Hajiya Fatu, mahaifiyar marigayi. Afra'u, matarsa, da 'yarsa Nana Aisha. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zan fara da ba ku haƙuri. Na ga manya suna ta share gumi, rumfa ta yi mana kaɗan, ga zafin bazara, alhali ga bene nan a bayana da zaurensa na sama mai tagogi da fanka, babu kowa a ciki. Kada ku ga laifin kwamiti. Ni ne na ce in dai ni zan yi magana a kan Jabiru, to a waje zan yi ta. An ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Mai yiwuwa ne. Kafin in zauna dai za ku ji dalilina.

Ni na koya wa Jabiru lissafi, kuma tunda ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa: yaro ne mai gajiyar da malami. Ya kasance mai tambaya, irin tambayar da ba ta cikin littafi. Wata rana ina tsakiyar darasi na waiga, sai na gan shi durƙushe a gindin bangon aji, yana kankare wani farin abu da farce yana ɗanɗanawa. Na ce, "Kai Jabiru, yunwa ce?" Ya ce, "A'a Malam, gishiri-gishiri ne. Me ya sa bango yake fara lalacewa daga ƙasa, alhali ruwan sama ta sama yake zuwa?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kuwa na kore shi ya je ya kurkure baki. Ashe a kan wannan tambayar zai ƙare rayuwarsa.

Ya tafi ya yi karatu, ya zama injiniyan gini, ya zama dakta, ya zama malamin jami'a. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu in sun kai nan, sai dai mu hango su ranar Sallah ta gilashin mota. Jabiru ya kasance mai dawowa. Kuma ba ya dawowa hannu rabbana. Sai dai fa 'ya'yan wasu shinkafa da mai suke kawowa, shi kuwa bokitai.

Duk wanda ya saba shiga zaurena ya san bokitan nan. A cikin kowanne akwai ɗan dunƙulen kankare kamar curin sabulu. Wani yana jiƙe a ruwan rijiya, wani a ruwan kanwa, wani a ruwan kwata, wani a ruwan da aka narka takin zamani. Maiɗakina har cewa ta yi, "Malam, wai yaushe duwatsun nan za su yi laushi a ɗora su a wuta?" Lokaci-lokaci sai ya zo ya tsamo wasu, ya kai su Kano, a sa su a wani inji ya matse su har su fashe, a ga nauyin da suka iya ɗauka.

Na ce masa, "To ka fasa, ka san ƙarfin wanda ka fasa. Wanda ke tsaye a jikin gini fa? Shi ma rushe ginin za ka yi?" Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, ya ce, "Malam, ai a nan kwamfuta ta shigo." Labarin kowane dunƙule yake ba ta: yawan simintinsa, irin yashinsa, ruwan da aka kwaɓa shi da shi, irin gubar da ya sha, daɗewarsa a cikinta, da ƙarfin da ya rage masa. Yana ba ta nasa, yana ba ta na masu bincike na wasu ƙasashe, dubbai. Tana dubawa tana koyo, har ta kai ga in an gaya mata halin wani kankaren da ba ta taɓa gani ba, sai ta ce bana ƙarfinsa zai kai kaza, baɗi zai koma kaza. Da ya ga na yamutsa fuska sai ya ce, "Malam, kai da yara suka yi ta wucewa ta hannunka, ba tun zangon farko kake gane wanda zai sha wuya a jarrabawa ba? Ai ba duba kake yi ba. Gani ne ya yi maka yawa." Na ce, "Amma ina yin kuskure." Ya ce, "Ita ma tana yi. Shi ya sa ba na barin ta ta yanke rana. Tsakanin kaza da kaza take cewa, ni kuma ina ci gaba da fasa na bokiti in ga ko ta yi daidai."

Na kawo wannan ne domin na san abin da aka riƙa faɗa a teburin mai shayi, wai Jabiru ya kawo mana na'urar duba. Ya kasance mai tsoron Allah, kuma maganar ta yi masa ciwo. Da ƙafarsa ya je wurin limaminmu, ga shi nan zaune, ya ce, "Allah gafarta Malam, gaibu na Allah ne. Ni abin da ya riga ya fara ci nake aunawa."

Ya kasance ba ya raina aiki. Mun gan shi, dakta guda, yana bin makarantu da masallatai yana leƙa masai da tocila, domin ya ce tururin da ke tasowa daga ciki yana cin murfin kankare ta ƙasa, inda ido ba ya kai. Mun yi masa dariya. Ya ce a rufe wani bayi a bakin kasuwa, murfinsa ba zai wuce damina biyu ba. Aka rufe ana gunaguni. A damina ta biyu murfin ya rufta, kuma ko akuya babu a kansa. Ya kasance yana zama da masu buga bulo a inuwa, yana nuna musu irin ruwan kududdufin da bai kamata su kwaɓa da shi ba. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ni da na koyar da shi ban iya wannan ba.

Yanzu bari in zo kan benen nan.

Iyayenmu ne suka gina shi da aikin gayya. Mutanen Kahu suka kawo yashi, na Unguwar Gai suka kawo tsakuwa, matan Tarai suka yi ta jigilar ruwa a ka. Ƙasa sito ne na takin ƙungiya. Sama kuwa zauren taro ne, kuma makarantar matanmu ce bayan la'asar. A nan Hajiya Fatu ta koyi rubuta sunanta da furfura a kanta. A nan Afra'u take koyarwa har yau.

Baƙi ba su san al'adarmu ta sito ba, bari in gaya musu. A shekarun farko, duk lokacin rabon taki sai an yi rigima, wannan ya ce buhunsa ne, wancan ya ce nasu ne. Sai dattawa suka yi dabara: kowane gari ya ɗauki ginshiƙi ɗaya. Ginshiƙin Tarai, ginshiƙin Kahu, ginshiƙin Unguwar Gai. Kowa ya jingina buhunansa a jikin nasa, ya kewaye shi da su har sama. Rigima ta mutu murus. Daga nan abin ya koma gasa. In taki ya zube, sai a share, a watsa ruwa a wanke daɓe domin kada a ce wane gari ƙazamai ne. In ginshiƙi ya fara ɓarɓashi daga gindi, kafin Sallah an yi masa sabon yaɓe da sabon fenti. Mun yi alfahari da wannan tsari, har baƙi muke kawowa su gani.

Jabiru ya shiga sito wata rana, ya durƙusa a gindin ginshiƙi kamar yadda ya durƙusa a ajina. Da ya fito, fuskarsa ta canja. Ya ce farin takin nan mai kama da gishiri, in ya haɗu da ruwa, yana shiga jikin kankare yana cin sa daga ciki, har ya kai ga rodi ya sa masa tsatsa. Ruwan wankin da muke watsawa shi yake kai gubar gindin ginshiƙi, yaɓen da muke yi kuma shi yake ɓoye ta. Ya roƙa a bar shi ya sare yaɓen ya duba. Aka ce a'a, ba a taɓa aikin iyaye. Da ƙyar aka yarda ya huda ɗan rami ta baya ya ɗebi garin kankaren, ya kuma lilliƙa wasu 'yan na'urori kamar ƙwayar dabino masu auna laima da tsagewa, suna aika wa kwamfutarsa labari a Kano.

Amsar da ta fito ita ce ta kawo mu wannan rana. Duk ginshiƙan sun ji jiki, amma na Kahu ya fi kowanne, kuma daminar da kwamfutar ta fi nuna wa yatsa ita ce wannan da muke jira yanzu.

Mun san abin da ya biyo baya. Mutanen Kahu suka ji kamar an zage su a tsakiyar kasuwa, domin ginshiƙinsu ya fi na kowa kyau, kore shar, har da zanen fure. Kwamiti ya ce za a duba. Aka yi ta za a duba, har Jabiru ya kwanta ciwo.

Akwai wata magana da ta dawo kunnena bayan rasuwarsa, kuma ba zan bar ta ta wuce ba. Wai mutumin da ya san ranar mutuwar ginshiƙi, ya aka yi bai san tasa ba? Wanda ya faɗa yana nan, ba zan kalli ɓangarensa ba. To ka ji amsa. Ranar mutuwa Allah kaɗai ya sani. Amma likitoci sun gaya wa Jabiru abin da ke cin jikinsa tun yana yawo da ƙafarsa a cikinmu, muna ce masa ya yi ƙiba ya yi kyau. Bai yi jayayya da su ba. Ya ɗauki maganar, ya shiga shiri.

Ga shirin da ya yi. Ya san yawancinmu ba ma karanta saƙon waya. Sai ya naɗi muryarsa, ya ɗora wa kwamfutar, yadda duk farkon wata in ta sake lissafi za ta kira wayar wasu daga cikinmu ta faɗi halin da ake ciki. Ya gaya mini zai yi, na ce to, na manta.

Bayan mun binne shi, ina tsaye a tashar Rano da hantsi ina jiran mota ta cika, wayata ta yi ƙara. Na kara a kunne. "Assalamu alaikum Malam, Jabiru ne." Jama'a, wallahi na amsa masa sallamar. Na ce, "Wa alaikumus salam, Jabiru." Shi kuwa ya ci gaba abinsa, "Ginshiƙin Kahu ya ƙara rauni. Allah ya tsare." Wani direba ne ya riƙe ni ya zaunar da ni a benci, yana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Na ce masa e, an yi.

Tun daga ranar ban sake wuce benen nan hankalina kwance ba. Da la'asar in na ji matan nan suna bita a sama, da kukan jarirai, da takun ƙafa a kan matakala, sai in tsaya ina kallon gindin bango kamar wanda ya yar da wani abu. Ina shiga zaurena in ga bokitan nan a jere, wasu ma ya rubuta musu daminar da za a tsamo su, daminar da ya san ba zai gani ba. Tsoro nake ji, kuma ban ga abin kunya a faɗinsa ba.

Dakta Ramlatu, Allah ya saka mata da alheri, ita ta ci gaba da kula da aikin. Da ta ji halin da na shiga, ta ce za ta cire muryar ta maye gurbinta da saƙon rubutu. Hajiya Fatu ce ta hana. Ta ce, "A bar mini shi." Yanzu duk farkon wata sai ta zo zaurena ta zauna a tsakiyar bokitan nan, mu ajiye waya a tabarma muna jira. In ya gama maganarsa ta ginshiƙi, sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Hajiya, ki yi haƙuri. Kin haifi ɗa wanda ko ƙasa ba ta hana shi yi wa garinsu nasiha ba. Nana Aisha, in kin girma za a ba ki labarin mahaifinki iri-iri, ki riƙe wannan: bai taɓa cewa abu yana da ƙarfi don a ji daɗi ba. Afra'u, ke kuma sai kin yafe mini, domin zan faɗi abin da kika gaya mini.

Ta ce ranar da ya naɗi saƙonnin, ya tura ƙofar ɗaki ya zauna shi kaɗai, tana jiyo shi daga tsakar gida. Ya yi na "yana nan lafiya". Ya yi na "ya ƙara rauni". Ya yi na "a rage masa kaya". Sai ya zo kan na ƙarshe. Ya fara ya tsaya, ya fara ya tsaya, ya sha ruwa ya sake. Abin da yake son faɗa shi ne, "Malam, Jabiru ne. A fitar da kowa daga benen, yanzu." Da ya fito ya ce mata, "Afra'u, wannan na ƙarshen, Allah ya sa wahalar banza na yi."

Wannan baiwar Allah ta ji wannan da kunnenta, kuma kullum sai ta hau matakalar nan. Na ce mata, "Ke ba kya tsoro?" Ta ce, "Baba, ina ji. Amma in na ƙi hawa, su za su hau, gara ina tare da su."

To ku saurara. A farkon watan nan saƙon ya canja. Bai ce "ya ƙara rauni" ba. Cewa ya yi, "A rage masa kaya." Na tambayi Dakta Ramlatu abin da ya rage bayan wannan, ta ce saura ɗaya. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, kowa ya gani jiya. Motocin takin bana kuma suna hanya, an ce cikin makon nan za a sauke, a jingina shi inda aka saba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa kuke shan rana.

'Yan'uwana mutanen Kahu, da ku nake. Jabiru bai zage ku ba. Na tambaye shi dalilin da ya sa naku ya fi lalacewa, ya ce dalili biyu ne. Ginshiƙinku yana kusurwar da ruwan wanki yake gangarawa. Sannan ku ne kuke noman rani, takinku ba ya yankewa a sito shekara ta zagayo, kuma ku ne kuka fi kowa wanke wuri. Ƙwazonku da tsaftarku ne suka jawo, ba ha'inci ba. Matan da ke karatu a sama kuwa, kusan rabinsu naku ne.

Alhaji Ƙasimu, tare muka yi kiwon awaki da kai, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na san ba mu da wani sito. Na san sauke taki a wani wuri wahala ce. Ga zaurena, zan kwashe bokitai in ba ku shi ku zuba taki. Na tabbata a cikin rumfar nan akwai masu zaure fiye da nawa. Matanmu su koma ajin firamare da yamma, ai yara sun tashi a lokacin. A tokare benen da ƙarfe, a kira masana su gyara shi. Ba wanda ya ce a rushe aikin iyaye. Iyayenmu ba don ya faɗo wa jikokinsu suka gina shi ba.

Ga guduma nan na zo da ita, tana ƙarƙashin kujerata. In an shafa addu'a, ina roƙon dattijon Kahu ya karɓe ta da hannunsa, mu shiga mu kaɗan, ya sare yaɓen gindin ginshiƙinsu kowa ya gani. In muka tarar da shi garau, ni Gwadabe zan ɗauki lasifika in ba ku haƙuri gari-gari, in kuma sake muku fentin da hannuna, har da furen. In kuwa muka tarar da abin da Jabiru ya faɗa, to kada buhu ɗaya ya shiga, kada mace ɗaya ta hau.

An ce mini kwamiti yana shawarar sa wa benen nan sunansa. Na gode musu. Amma na san ɗalibina. Allon suna a jikin ginin da ya ce a fita daga cikinsa ba karramawa ba ce.

Ina gode wa mai girma wakilin Hakimi da iyayenmu da suka jure zafin nan. Ina gode wa baƙinmu na Kano, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Ina gode wa matan da suka yi girki tun safe, da samarin da suka kafa rumfa. Wanda na ɓata wa rai ya yafe mini, tsohon malami ba ya iya magana sai da tsawa.

Ya Allah, ga bawanka Jabiru ɗan Baballe. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsa haƙurin rashinsa, Ka zama gatansu. Ka ba mu damina mai albarka, Ka tsare matanmu da 'ya'yanmu. Ka ba mu kunnen jin gargaɗi tun yana da amfani.

Ni kuma ga nawa roƙon, ku taya ni da amin. Wata zai sake kamawa, wayata za ta sake ƙara. In har Allah ya ƙaddara zan ji muryar yaron nan yana cewa a fitar da kowa, ya Allah Ka sa in iya amsa masa in ce, "Jabiru, kwanta ka huta. Babu kowa a ciki."

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.